Kwandon Da Ya Dawo Daga Riruwai

Ranar wata Talata ce a cikin watan azumin tsofaffi na shekarar 1957, ina da shekara tara a duniya, Inna ta tashe ni ana idar da sallar asuba, ta ce in biyo ta lambu. Babban yatsanta na dama a naɗe yake da tsumma, saboda wata ƙaya da ta karye a ciki ta kumbura shi har ya yi kamar gauta, kwana biyu ko muciya ba ta iya riƙewa. Muka gangara bakin rafi, ni da ƙwarya a ka, ita da ɗan kwandon kaba a hannun hagu, ƙasar fadama tana ratsa mu da sanyi ta tafin ƙafa. Da muka isa sai ta zauna a kan kututturen giginya, ta tura kwandon gabana da ƙafa, ta ce, "Yau ke za ki ɗaura wa babanki." Na ɗaga kai na dube ta ko wasa take yi. Amma Inna ba ta wasa da ni, don ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kamawa. Na tsorata, sai dai daɗin da na ji ya rinjayi tsoron, domin wata uku ke nan ina tsugune a gefenta ina kallon yadda take wannan ɗauri, ban taɓa samun fiye da miƙo ganye ba.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a ƙasar Tudun Wada, can wajen Doguwa, inda duwatsu suke fara tasowa. Gidanmu na kara ne da zana, da zaure ɗaya na ƙasa, da rumbu biyu, da turken awaki a gindin zogale. Mu biyar ne a ciki: Baba, da Inna, da Iya mahaifiyar Baba, da ni, da ƙanena Sule wanda a lokacin yana goye. Sunan Iya aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kirana sai da "Uwata". A daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai, aka girbe abin da aka samu, rumbu ɗaya ko rabi bai yi ba, ɗayan kuwa kaji suka mai da shi wurin ƙwai. Da Baba ya leƙa rumbun ya ga ba zai kai mu wata damina ba, sai ya naɗe tabarmarsa ya bi mazan ƙauye zuwa Riruwai haƙar kuza. Ranar da zai tafi ya ce a bar lambun kawai, tunda babu namijin da zai ja ruwa. Washegari da sassafe Inna ta ɗaure Sule a baya, ta ci ɗamara, ta je ta kama jigo, wato doguwar sandar nan mai guga a gaba da curin laka a baya da ake ɗebo ruwa da ita daga rafi. Matan ƙauye suka yi ta magana, har wata ta ce mace da jigo kamar kaza da carar asuba. Iya ce ta kashe bakinsu, ta ce duk wadda abin ya dama ta aiko da mijinta ya ja.

Aikina a lambu shi ne bin ruwa. Inna tana zubawa a magudana, ni kuwa ina gaba da 'yar fartanya, ina buɗe wa wannan fangali baki, in ya sha ya ƙoshi in toshe da laka in buɗe na gaba. Akwai fangalin alayyahu, da na yakuwa, da na albasa, da tattasai, da 'yan ƙananan tumatir masu tsami irin na da, ga kubewa a jere a gefe, ga gauta, ga kabewa ta yi yaɗo ta haye shingen ƙaya. In hantsi ya yi sai in wanke ƙafa in ruga makarantar allo a zauren liman, ina zuwa da laka a ƙwauri yara suna mini dariya. Da yamma mukan zauna a ƙofar gida mu yi carafke da 'yan duwatsun rafi masu santsi, ko mu yi wasan girki a tsingaro, inda ni ce kullum uwar ɗaki, saboda ni kaɗai nake zuwa da ganyen gaske a ƙullin zanena.

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, Baba Tanko mai jakuna, wanda yake kai hatsi da kayan miya Riruwai duk mako. Yakan tashi ran Talata da hantsi, ya kwana a hanya, ya shiga Riruwai ran Laraba, ran Juma'a kuma mu ji shi tun daga nesa yana yi wa jakunansa faɗa, kowanne da sunansa. Shi ya kawo mana saƙon Baba na farko. Ya ce lafiyarsa lau, aiki da wuya amma ana yi, sai dai a gaya wa mutan gida bakinsa ya manta ɗanɗanon ɗanyen ganye, kullum tuwo da miyar kuka tsararo, ko daddawa babu. Inna tana daga cikin zaure tana ji. Talatar da ta biyo baya ta fara aika masa da kwando, kuma daga nan ba a sake fashi ba.

Sai ga wata matsala: Baba bai taɓa ɗora tukunya ba tunda aka haife shi. Don haka kwando ba ya tafiya shi kaɗai, sai da bayanin girki. Inna takan durƙusa a bakin zaure ta gai da Baba Tanko, sannan ta jero masa, shi kuma yana maimaitawa yana lanƙwasa yatsu kamar mai hadda. A fara dafa kabewa sai ta yi laushi, a dama ta da ludayi, sannan a zuba dakakkiyar gyaɗa. Alayyahu shi ne na ƙarshe, kuma in an zuba shi kada a rufe tukunya. Yakuwa in ta cika tsami a tafasa ta a zubar da ruwan fari. Kubewa ba a wanke ta bayan an yanka, kanwa kuwa kamar ƙwayar dawa ta isa. Ran Juma'a sai sakamako ya dawo. Wani mako Baba Tanko ya ce miyar ta yi baƙi ƙirin, don Baba ya rufe tukunya ya tafi alwala. Wani mako ya ce shi da Baba suka yi gardama a kan ko ƙwayar dawa aka ce ko zangarniyar dawa, Baba ya zuba kanwa har kubewar ta yi ɗaci, abokan ɗakinsa suka ci suna tsine wa mai girkin. Ranar na ga Inna ta juya baya tana dariya har kafaɗarta na rawa, abin da ban cika gani ba. Kuma kowane saƙo yakan ƙare da magana ɗaya: a gai da Uwata, a ce mata gautan da ta tsinko ya fi na kowa zaƙi. Ni kuwa ko gautan ba ni na tsinko ba, sai in yini ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

To, wannan Talatar da na faɗa, komai a hannuna ya wuce. Na tsinko ganyen kalgo masu faɗi na shimfiɗa a gindin kwandon, biyu biyu, bayansu yana kallon waje. Inna tana zaune tana ba da umarni da baki. "Mai nauyi a ƙasa, mai rauni a sama," in ji ta, "haka ake jera kaya, haka ake jera mutane." Na sa 'yar ƙaramar kabewa guda ba a yanka ba, na kewaye ta da albasa da gauta. Na sake shimfiɗa ganye, na jera tattasai da tumatir waɗanda suka fara ja amma ba su nuna sarai ba, don su ƙarasa nuna a bayan jaki, kowanne da ganye tsakaninsa da ɗan'uwansa. Kubewa na goge ta da busasshen tsumma, don ba ta son lema. Alayyahu kuwa ba yanka shi ake yi ba, tuge shi ake yi da saiwarsa, a dunƙule saiwar da ɗanyar laka, a naɗe da ganye, sannan a kwantar da shi a can sama tare da yakuwa. A gefe na cusa ƙullin daddawa da ɗan gutsuren kanwa. Da na zo rufewa na ɗauko igiyar rama na ja da iyakar ƙarfina, saboda ina tsoron kada kayan su watse a hanya a ce ni ce. Inna ta ce, "Sassauta. Ganye ma numfashi yake yi, in kin shaƙe shi sai ya mutu a hanya." Na ce to, na yi kamar na sassauta, amma a gaskiya ɗan kaɗan na saki, na ƙulle da irin ƙullin da nake yi wa igiyar akuya. Na yayyafa ruwa a bayan kwandon, na ɗauka a ka har gidan Baba Tanko. Na ce masa don Allah ya gaya wa Baba ni na ɗaura, ni kaɗai. Ya ce ko kafin sallama zai faɗa.

Kwana biyun nan ban yi karatun kirki ba, liman ya yi ta gyara mini aya ɗaya. Jira nake Juma'a ta zo in ji abin da Baba zai ce.

Ran Alhamis bayan la'asar muna carafke a ƙofar gida, sai na hango jakunan Baba Tanko sun ɓullo ta gindin tsamiya. Na yi mamaki, don ba ranar dawowarsa ba ce, kuma ba ya yi musu faɗa, tafiya kawai suke yi yana biye. Bai tsaya a gidanmu ba, ya wuce zauren liman. Jim kaɗan suka fito tare da wasu dattawa biyu suka nufo mu. Na miƙe na durƙusa na gaishe su, babu wanda ya dube ni. Baba Tanko ya sauke wata naɗaɗɗiyar tabarma, da 'yar tukunya mai baƙin gindi, sannan ya kwance kwando ya ajiye a bakin zaure. Ina ganin ƙullin na gane shi. Kwandona ne, ko taɓa igiyar ba a yi ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne Baba ya ga ɗaurin bai yi ba, ya ce a mayar. Kunya ta rufe ni, na ruga bayan rumbu na haɗa kai da gwiwa ina kuka, ina tunanin abin da zan ce wa Inna. Ina nan a tsugune na ji muryar Iya ta tashi da salati, irin muryar da ban taɓa jin ta yi ba.

Daga baya na tsinci labarin a bakin manya. Ran Talata da hantsi gefen ramin da suke haƙa ya rufto a kan Baba da wani mutum. Aka tono ɗayan da karaya, Baba kuwa kafin a kai gare shi rai ya yi halinsa. A ranar aka yi masa sutura a can. Baba Tanko ya isa ran Laraba da kwando a hannu yana tambayar ɗakinsu, abokan aikinsa suka fito masa da tabarma da tukunya. Ya ce sun roƙe shi ya bar musu kayan miyar, ya kasa, don amana ce aka ba shi ga mutum ɗaya.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Kwana uku ba a hura wuta a murhunmu ba, maƙwabta ne suke aiko da tuwo da kunu. Inna ta shiga takaba, tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki da carbi, tana amsa gaisuwa da murya ƙasa ƙasa, ban ga hawayenta ba sai jan ido. Wani ya ɗauke kwandon ya tura shi bayan randa, aka manta da shi. Ni ce kaɗai ban manta ba. Tun da na ji an ce Talata da hantsi, na ji an ce ƙasa ce ta danne shi ya kasa numfashi, sai zuciyar yarinta ta haɗa mini abu biyu. A wannan safiyar na ja igiya. An ce in sassauta, ban sassauta ba. Na gaskata har cikin raina cewa ni na shaƙe Baba. Ban gaya wa kowa ba. In an miƙo mini tuwo sai in riƙe loma a hannu har ta huce. In na je shan ruwa sai in rufe ido don kada in ga abin da ke bayan randar. Iya ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, aka jiƙa mini saiwa na sha.

Ran Lahadi da safe mutane sun ragu, Inna ta fito tsakar gida a karo na farko. Ta tsaya a gaban randa ta daɗe, sannan ta jawo kwandon da hannun hagu ta zauna. Ta yi ƙoƙarin kwance ƙullin ta kasa saboda yatsanta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ke, zo ki kwance abinki." Na zo na sa haƙori na kwance. Igiyar na saki, bakina ma ya saki. Na fashe da kuka na gaya mata duka, cewa ban sassauta ba, cewa ƙarya na yi mata a lambu, cewa ni ce. Iya da ke bakin ɗakinta ta yi salati ta taso, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta fara ɗaga ganyen kalgo ɗaya bayan ɗaya. Na sama sun bushe sun yi ƙaras ƙaras. Alayyahun gefe ya yi rawaya ya narke, tumatir biyu sun fashe. Amma da ta buɗe tsakiyar damin, sai ga ganye kore shar, lakar saiwarsa ma ba ta gama bushewa ba. Ta tsinko ɗaya ta sa mini a tafin hannu.

"Dubi nan," in ji ta. "Kwana biyar ke nan. Ɗaurin da ya shaƙe ba ya kai ganye kwana biyar da rai. Babanki kwanansa ne ya ƙare, ba igiyarki ba ce. Kada in sake ji."

Sannan ta ƙara da cewa, "Ɗaurin ya yi." Daga ranar har Inna ta koma ga Allah, ban sake jin ta yabe ni baki da baki ba. Wannan ɗin ya ishe ni.

Ta ce in hura wuta. Da tukunyar da aka dawo da ita muka yi girkin, ita tana faɗa ni ina yi. Na fere kabewa na dafa ta har ta yi laushi, na dama da ludayi. Iya ta daka gyaɗa tana share ido da gefen mayafi. Muka tsince abin da ya rage na alayyahu da yakuwa, bai fi cikin tafi biyu ba. Inna tana jero bayanin daki daki, da irin muryar da take yi wa Baba Tanko a bakin zaure, har ta zo kan "kada a rufe tukunya", sai muryar ta tsaya. Ta tashi ta shige ɗaki. Ni na ƙarasa miyar. Kwanon farko gidan Baba Tanko aka ce in kai, sauran aka raba wa maƙwabta sadaka. Da na miƙa masa ya buɗe ya gane ko mene ne, sai ya kau da kai ya ce in ajiye a nan, Allah ya yi mini albarka.

Lambun bai kai ƙarshen rani ba. Inna ba ta fita, ni kuwa ko na rataya a jikin jigo ba ya saukowa. Na yi ta jido da ƙwarya safe da yamma, na samu na tsirar da fangali biyu na albasa, sauran ina kallo suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, awaki suka fasa shinge suka ƙarasa. Da Inna ta fita takaba, yayanta ya zo daga Yako ya kwashe mu. Iya ta koma wurin 'yarta, ban sake ganinta ba sai sau ɗaya. A Yako babu rafi kusa da gida, Inna ta koma yin ƙuliƙuli da kwaɗon rama, da su ta raine mu. Bayan na yi aure na haihu, na matsa wa maigidana ya kai ni Riruwai. Muka yi ta tambaya har aka haɗa mu da wani tsoho da ya yi aikin kuza a wancan zamani. Ya kai mu wata gangara da ciyawa ta rufe, ya zana hannu daga wannan dutse zuwa wancan, ya ce baƙin leburori duk a nan ake sa su. Na tsaya a tsakiya na yi addu'a ga duk wanda yake wurin.

Kwanakin baya jikata ta ɗauke ni a mota ta kai ni wani babban kanti a Kano, wai in ga zamani. Aka tura mini keken zuba kaya, muka bi ta wani layi mai sanyi kamar bakin randa. Ga tattasai uku uku a farantin roba an ja leda a kai ta ɗame, ga tumatir duk girmansu ɗaya, ga kubewa an jera kamar yatsu, ga ganye an wanke an yayyanka an rufe a jaka, da 'yar takarda mai faɗin ranar da zai lalace. Jikata ta ɗauki ɗaya ta duba wayarta, ta ce ga yadda ake dafa shi nan an rubuta, har da hoto. Ban raina ba, abin da tsabta, kuma babu wadda ta ja jigo da goyo a baya kafin ya iso. Sai dai na daɗe a tsaye ina kallon jerin nan, ɗaruruwa iri ɗaya, ina tunanin hannun da ya naɗe su bai san bakin da zai ci ba, mai ci ma ba zai aiko da gaisuwa ba. Jikata ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, sanyin ne ya sa miki hawaye?" Na ce mata shi ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ciyar da mu, da waɗanda muka ɗaura wa ba su samu ci ba.